Jin Ra'ayin Masu Zaɓe a Bakin Rumfa da Zargin Maguɗi: Tambayoyi da Amsoshi

A ƙasashe da dama, da zarar an rufe rumfunan zaɓe, tun ba a juye akwati ko ɗaya ba, sai gidajen talabijin su fito da alƙaluma su ce ga wanda ke kan gaba. Alƙaluman nan daga bakin mutanen da aka tare bayan sun kaɗa ƙuri'a aka samo su, wannan shi ake kira binciken bakin rumfa. Idan hukumar zaɓe ta zo ta faɗi abin da ya yi daidai da su, babu mai cewa uffan. Idan kuwa aka samu saɓani, nan take za ka ji ana cewa an yi maguɗi. Wani lokaci gaskiya ne an yi. Wani lokaci kuma binciken ne ya kauce hanya. Rarrabe biyun nan abu ne da ya shafi rayukan mutane, domin an sha zubar da jini a kan sakamakon zaɓe.

Yaya ake gudanar da binciken bakin rumfa?

Masu binciken sukan fara zaɓar wasu rumfuna da za su wakilci ƙasar: birni da karkara, unguwar masu hali da ta talakawa, yankin da wannan jam'iyya ke da ƙarfi da wanda waccan ke da shi. A kowace rumfa sai a tsayar da ma'aikaci a waje, a ba shi doka guda: ya riƙa ƙirga masu fitowa, ya tari mutum na biyar, ko na goma, gwargwadon yawan jama'ar wurin. Ba shi da ikon tsallake wanda lissafi ya faɗo kansa don ya ga fuskarsa a murtuke, ko ya tari wani don ya yi masa murmushi. Wanda aka tara sai a miƙa masa takarda ya cika da kansa, ba suna ba adireshi, ya ninke ya jefa a wani akwati na masu binciken. Idan ya ce yana sauri ya wuce, ma'aikacin zai rubuta namiji ne ko mace, da ƙiyasin shekarunsa, don daga baya a san irin mutanen da suka ƙi amsawa.

Warren Mitofsky na cikin waɗanda suka assasa wannan hanya. Ya gwada ta wa gidan talabijin na CBS a zaɓen gwamnan jihar Kentucky ta Amurka a 1967. Fifikonta a kan jin ra'ayin da ake yi kafin zaɓe a fili yake: ba a tambayar mutum abin da yake niyyar yi, an riga an ga fitowarsa daga rumfa, an san ya yi zaɓen.

Ta yaya mutum dubu kaɗan za su wakilci miliyoyi?

Likita ba ya zuƙe jinin mutum duka kafin ya gano ciwonsa, ɗan kaɗan ya ishe shi. Sai dai jini a gauraye yake, wanda aka ɗiba a hannun dama iri ɗaya ne da na hagu. Mutane ba haka suke ba. Masu ra'ayi ɗaya sukan zauna unguwa ɗaya, su yi zaɓe a rumfa ɗaya, har ma su fito a lokaci ɗaya.

A lissafi, idan aka tsinci mutum 1,000 ba tare da son rai ba, kuskuren da ake sa rai bai wuce maki uku sama ko ƙasa ba. Amma binciken bakin rumfa ba ɗai-ɗai yake tsintar mutane daga ko'ina ba, rukuni-rukuni yake ɗibarsu daga rumfuna ƙalilan, wannan kuwa yana faɗaɗa kuskuren. Sannan idan tazara tsakanin 'yan takara biyu ake magana, kuskuren kan kusan ninkawa, domin abin da aka ƙara wa ɗaya daga ɗayan aka rage. Shi ya sa a zaɓen da aka yi kankankan, binciken ba shi da ta cewa. A jihar Fulorida ta Amurka, a zaɓen shugaban ƙasa na 2000, gidajen talabijin sun ba Al Gore nasara da farkon dare, suka janye, suka ba George W. Bush, suka sake janyewa. Da aka ƙarƙare, ƙuri'u 537 ne tsakaninsu cikin kusan miliyan shida. Babu binciken da zai iya hango irin wannan tazara.

Ban da lissafi, me ke sa shi kuskure?

Babban abin shi ne waɗanda suka ƙi amsawa. Da a ce magoya bayan kowane ɓangare suna ƙi daidai wa daida, da babu damuwa. Matsalar ita ce sau da yawa ɓangare ɗaya ya fi ɗokin magana.

Zaɓen shugaban Amurka na 2004 shi ne misalin da aka fi tonawa. Alƙaluman bakin rumfa sun nuna John Kerry a gaba da kusan maki uku, amma da aka ƙirga Bush ya samu kashi 50.7, Kerry kashi 48.3. Mutane da yawa suka ce an murɗe zaɓen, har yau akwai masu riƙe da wannan magana. Kamfanonin da suka yi aikin, Edison da na Mitofsky, sun fitar da rahoto a Janairun 2005, inda suka nuna cewa kusan rabin waɗanda aka tara ba su amsa ba. Sun lissafa cewa idan kashi 56 na masu zaɓen Kerry suka amsa, na Bush kuma kashi 50, wannan ɗan bambancin kaɗai ya isa ya haifar da duk giɓin da aka gani. Sun kuma gano cewa kuskuren ya fi yawa inda mai tambayar matashi ne, da inda aka tilasta masa tsayawa nesa da ƙofar rumfa. Abin da ya fi gamsar da ni a nan shi ne wannan na ƙarshe: nisan mai tambaya da ƙofa ba shi da wata alaƙa da abin da ke faruwa cikin akwati, amma yana da alaƙa da wanda zai iya sulalewa ya wuce ba a tare shi ba.

Akwai kuma tsoro da kunya. Inda mutum ke ganin faɗin gaskiya zai iya jawo masa asarar aiki ko fushin masu iko da yankinsa, zai faɗi abin da yake zaton ana so a ji, ko ya yi gum. A Indiya a 2024 yawancin binciken sun ba ƙawancen Narendra Modi kujeru 350 zuwa sama cikin 543. Da aka ƙirga ranar 4 ga Yuni, ƙawancen 293 ya samu, jam'iyyar Modi ta BJP ita kaɗai kuma 240, ƙasa da 272 da ake buƙata don rinjaye. A lura, a nan gwamnati ce binciken ya fifita, ƙirga ta rage mata.

Na uku, ba kowa ke zuwa rumfa ranar zaɓe ba. A Amurka a 2020 sama da mutum miliyan 100 sun yi zaɓe kafin ranar, ko dai ta gidan waya ko a rumfunan da aka buɗe da wuri. Mai tsayuwa a bakin ƙofa ba zai taɓa ganinsu ba, dole a bi su ta waya, a haɗa da na rumfa, kuma kowane haɗi ƙofa ce ta sabon kuskure.

Amma ai na Birtaniya yakan dace. Mene ne sirrinsa?

Shi ma ya taɓa shan kunya. A 1992 an ce babu jam'iyyar da za ta samu rinjaye, sai ga Firayim Minista John Major na jam'iyyar Conservative da rinjayen kujeru 21. Daga 2005 aka koma wa hanyar da masana irin su John Curtice da David Firth suka tsara. Maimakon a yi ta neman sababbin rumfuna, sai a riƙa komawa waɗanda aka je a zaɓen baya, wajen 130 zuwa 140, a auna yadda ra'ayi ya sauya a kowace, daga nan a ƙiyasta sauyin da aka samu a kowace mazaɓa. Idan wata rumfa tana da karkata, karkatar tana nan a zaɓukan biyu, sai ta soke kanta. Tambaya ɗaya tak ake yi, a kan takarda mai kama da ta zaɓe.

A 2005 sun ce jam'iyyar Labour za ta samu rinjayen kujeru 66, haka aka yi. A 2019 sun ba Conservative kujeru 368, ta samu 365. A 2024 sun ba Labour 410, ta samu 411. Duk da haka, a wannan daren sun ba jam'iyyar Reform kujeru 13, ta tashi da biyar.

To idan binciken ya saɓa wa sakamakon hukuma, maguɗi aka yi ke nan?

Ba lallai ba. Saɓanin yana nuna ɗaya daga cikin biyun ya yi kuskure, amma ba ya faɗin wanne. Dole a nemi shaida daga wani wuri. Misalai uku za su nuna abin da nake nufi.

A Yukren, zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ranar 21 ga Nuwamban 2004, binciken bakin rumfa ya ba Viktor Yushchenko rinjayen kusan maki goma, hukuma kuma ta ce Viktor Yanukovych ne ya ci da kusan maki uku. Jama'a suka cika dandalin birnin Kiyef cikin tsananin sanyi. Amma ba alƙaluman binciken kaɗai aka kai kotu ba. Masu sa ido sun ga ana kwasar mutane a motoci suna zaɓe a rumfa fiye da ɗaya, an kori wakilai daga wuraren ƙirga, kuma a lardin Donetsk an ce sama da kashi 96 sun fito. Kotun ƙoli ta soke zagayen ranar 3 ga Disamba, aka sake ranar 26, Yushchenko ya samu kusan kashi 52.

A wannan shekarar dai, cikin Agusta, an yi ƙuri'ar raba gardama a Benezuwela kan ko a tsige Hugo Chávez. Wani kamfanin Amurka ya fitar da bincike cewa kashi 59 sun ce a tsige shi. Hukuma ta ce kusan kashi 59 ɗin ne suka ce ya zauna. Cibiyar Carter mai sa ido kan zaɓe da Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka suka duba, suka amince da sakamakon hukuma. Su wa suka tsaya a bakin rumfa suna tambayar? 'Yan sa kai na wata ƙungiya da ke cikin masu neman a tsige shi.

Bayan shekara ashirin, a ƙasar dai, ranar 28 ga Yulin 2024, kamfanin Edison ya ba Edmundo González kashi 65, Nicolás Maduro kashi 31, hukuma ta ce Maduro ya ci da kashi 51. A wannan karon 'yan adawa ba su tsaya ga binciken ba. Kowace na'urar zaɓe a can tana buga doguwar takardar sakamako bayan an rufe, mai ɗauke da sa hannun malaman zaɓe da wakilai. Suka tattara sama da kashi 80 na waɗannan takardu, suka ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, suka ɗora a intanet kowa ya duba na rumfarsa. Takardun sun nuna González da kusan kashi biyu bisa uku. Hukumar zaɓe ba ta fitar da sakamakon rumfa-rumfa ba, Cibiyar Carter kuma ta ce zaɓen bai cika ƙa'idojin duniya ba. Ƙasa ɗaya, saɓani iri ɗaya, amma abin da ya raba 2004 da 2024 takardu ne.

Gaskiya ne ana gyara alƙaluman binciken cikin dare don su dace da na hukuma?

A Amurka, e, kuma ba a ɓoye ake yi ba. Da sakamakon gaske ya fara shigowa, sai a daidaita nauyin amsoshin da shi. Dalili shi ne manufar binciken a can ba gadin akwati ba ce. So ake a san yadda mata suka yi zaɓe, yadda matasa suka yi, da abin da ya fi damun mutane. Na fahimci wanda ya ga lamba ta sauya a gaban idonsa ya ji zuciyarsa ta ƙi amincewa. Hakkinsa ne a yi masa bayani tun kafin daren. Kuma ya kamata a sani cewa binciken da aka riga aka daidaita ba zai iya zama shaidar cewa zaɓe ya yi tsafta ba, tunda daga sakamakon aka gyara shi.

Ɗan takara yana kan gaba da dare, gari ya waye an wuce shi. Wannan fa?

A fara tambayar waɗanne ƙuri'u aka fara ƙirgawa. Ƙananan rumfuna sukan gama da wuri, manyan birane su makara. A jihar Pennsylvania a 2020 doka ta hana a fara buɗe ƙuri'un gidan waya sai ranar zaɓe, kuma magoya bayan Joe Biden ne suka fi amfani da su, don haka Donald Trump ya fara da rinjaye, rinjayen ya yi ta zaizayewa. An yi hasashen haka tun kafin zaɓen. Abin da ya cancanci tayar da hankali daban ne: a dakatar da sanarwa ba dalili, a fitar da wakilai daga zauren tattara sakamako, sannan a dawo da jimilla da ba wanda zai iya bin sawunta zuwa rumfa.

Me ke kama maguɗi in ba wannan binciken ba?

Takardar sakamakon rumfa. A ƙirga ƙuri'u a inda aka kaɗa su, a gaban wakilan jam'iyyu, kowa ya sa hannu, kowa ya karɓi kwafi, a manna ɗaya a bango. Daga nan duk wanda ya sauya lamba a hanya ya bar sawu.

A kan wannan aka gina ƙirga ta masu sa ido. Su ba sa tambayar kowa wa ya zaɓa. Sukan zauna a rumfunan da aka tsamo bisa ƙa'idar lissafi tun buɗewa har ƙirga, su aika da lambobin da aka rubuta, a haɗa a kwatanta da abin da hukuma za ta sanar. Babu batun wani ya ƙi amsawa ko ya ji tsoro, shi ya sa kuskurenta ƙarami ne ƙwarai. Ƙungiyar NAMFREL ta Filifin ta yi suna da ƙirga irin ta 'yan sa kai a 1986, lokacin da hukuma ta ce Ferdinand Marcos ya doke Corazon Aquino. A tsakiyar aikin wasu ma'aikatan kwamfuta na hukumar suka tashi suka fice, suna cewa lambobin da ake nunawa ba su ne suke shigarwa ba. Cikin watan Marcos ya bar ƙasar.

A Malawi, takardun sakamakon zaɓen 2019 sun zo kotu an shafe lambobi da farin ruwan goge rubutu na Tipp-Ex an rubuta wasu a kai. Kotun tsarin mulki ta soke zaɓen a Fabrairun 2020, aka sake a Yuni, Lazarus Chakwera ya kayar da Peter Mutharika. A Kenya a 2017 kotun ƙoli ta soke zaɓen shugaban ƙasa saboda yadda aka aika da sakamako da kuma matsalolin takardunsa.

Takarda tana wanke wanda aka zarga kamar yadda take kama mai laifi. A jihar Jojiya ta Amurka a 2020 an sake ƙirga ƙuri'u kusan miliyan biyar da hannu, Biden ya ci gaba da rinjayensa na kusan 12,000. Ƙararraki sama da 60 da aka shigar a faɗin Amurka a kan zaɓen ba su sauya sakamakon ko jiha ɗaya ba. Amma a zaɓen ɗan majalisar wakilai na mazaɓa ta tara ta jihar North Carolina a 2018, inda tazara ta kasance ƙuri'u 905, an gano ana bi gida-gida ana karɓe ƙuri'un gidan waya ba bisa doka ba, shaidu suka yi bayani, aka soke zaɓen a 2019.

Akwai maguɗin da binciken ba ya gani sam?

Akwai, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Wanda aka sayi ƙuri'arsa zai fito ya faɗa wa mai tambaya sunan wanda ya dangwala wa, binciken da sakamakon su yi daidai. Wanda aka cire sunansa daga rajista, da wanda 'yan daba suka kora, da wanda kayan zaɓe ba su iso rumfarsa ba har ya gaji ya tafi, babu ɗayansu da zai fito ta ƙofar da mai tambaya ke tsaye. Haka ɗan takarar da aka hana tsayawa tun farko. Don haka dacewar binciken da sakamako ba ta nufin an yi adalci.

Me ya sa ake hana fitar da shi kafin a rufe rumfuna?

Don kada wanda bai yi zaɓe ba ya ga kamar an gama. A 1980 gidan talabijin na NBC ya ayyana Ronald Reagan da ƙarfe 8:15 na dare agogon gabashin Amurka, alhali a yammacin ƙasar mutane na kan layi. A Jamus wanda ya fitar kafin ƙarfe shida na yamma zai iya biyan tarar da ta kai Yuro 50,000. A Faransa sai ƙarfe takwas. A Indiya, inda ake zaɓe kashi-kashi na tsawon makonni, sai an kammala kashin ƙarshe.

Jinkirin sa'o'i daban, ɓoyewa daban. A Kenya a 2007 an yi bincike da kuɗin Amurka wanda ya nuna Raila Odinga a gaba da kusan maki shida, hukuma ta ba Mwai Kibaki nasara, binciken kuma bai fito fili ba sai bayan watanni. Sama da mutum 1,000 suka mutu a rikicin da ya biyo baya. Kwamitin alƙali Johann Kriegler, wanda aka kafa don binciken zaɓen, ya ce takardun sun lalace har ba a iya tantance wanda ya ci. A ganina, wanda ya ɗauki nauyin bincike ya faɗi tun kafin zaɓe yaushe zai fitar, ya kuma cika alƙawari ko wa alƙaluman suka fifita.

Ta yaya zan gane binciken da ya cancanci a saurara?

Ka tambayi wa ya biya kuɗin, su wa suka tsaya a bakin rumfa, rumfuna nawa aka je kuma a ina, mutum nawa suka ƙi amsawa, sannan takarda aka ba mutum ya cika a asirce ko da baki aka tambaye shi a gaban jama'a. Ka duba abin da kamfanin ya faɗa a zaɓen baya da abin da ya faru. Hoton da ke yawo a WhatsApp da tsakar rana, ba sunan wanda ya yi, ba adadin waɗanda aka tambaya, kada ka tura wa kowa. Sau da yawa an ƙirƙire shi ne don a karya gwiwar masu shirin fita, ko a shirya zukata su ƙi sakamako tun bai fito ba.

An tare ni bayan na kaɗa ƙuri'a. In amsa?

Ba dole ba ne, ƙuri'arka sirrinka ce. Ka nemi ganin katin shaidar mai tambayar da sunan ƙungiyar da ta turo shi. Idan ya nemi sunanka, lambar wayarka ko katin zaɓenka, ko ya ce ka nuna masa hoton abin da ka dangwala, wannan ba mai bincike ba ne, ka wuce ka sanar da malaman zaɓe ko masu sa ido. Idan kuwa takarda ce marar suna da akwati a rufe, ina ba ka shawara ka tsaya ka cika da gaskiya, ko da wanda ka zaɓa ba shi da farin jini a unguwarku. Minti biyu ne, kuma duk lokacin da masu ra'ayi irin naka suka wuce ba su amsa ba, alƙaluman daren za su karkata, gobe kuma wani ya ɗauke su ya ce an yi sata.